Ranar da Na Ajiye Jan Biro

An taɓa ba ni aikin gyara hirarrakin wasu dattawa da aka naɗa a kaset aka kwafe a takarda. Na zauna da jan biro, ina ganin na san ƙa'idojin rubutun Hausa ciki da bai. Duk inda na ga "munka" sai in mai da shi "muka", "anka" ya koma "aka", "yaz zo" ya koma "ya zo". Kafin in kai shafi na ashirin takardar ta yi ja jawur.

Wata jimla ce ta tsayar da ni. Wani dattijo ya ce, "Mun iso da dare." Bayan layi biyu kuma ya ce, "Da dare munka iso." Sai na koma na bi duk shafukan ina duba inda ya sa "mun" da inda ya sa "munka". Ko sau ɗaya bai gauraya su ba. In labari ne kai tsaye, "mun". In ya fito da wani abu gaba don ƙarfafawa, ko bayan "da" mai haɗa zance, ko cikin jerin abubuwan da suka faru, "munka". Daidai yadda daidaitacciyar Hausa ke raba "mun" da "muka". Mutumin bai taɓa buɗe littafin nahawu ba, amma doka na zaune a bakinsa, karin harshen Sakkwato ne kawai. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin na gane maganar mutum nake gogewa.

Daga nan na fahimci dokoki iri biyu nake cakuɗawa. Akwai na rubutu, waɗanda mutane suka zauna suka tsara. Hanns Vischer, Baturen nan jami'in ilimi da ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da nasa ƙa'idojin rubutun boko a 1912, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma a 1966, duk don a sami hanya ɗaya. Hausar Kano aka ɗauka ginshiƙi, kuma yarjejeniya ce ta ba ta wannan matsayi. Akwai kuma dokokin da yaro ke kamawa tun a goye, ba malami. Su ne masana ilimin harsuna ke bincike. Tun aikin da masanin harshe ɗan Amurka Noam Chomsky ya fitar a 1957, da yawansu ke auna ingancin jimla da kunnen ɗan harshe: shin ya karɓe ta, ko ta yi masa banbaraƙwai? Da wannan ma'auni "munka" lafiya lau take. Abin da ba Hausa ba shi ne a ce "zo munka", wannan kam ba Bakano ba Basakkwace da zai faɗa.

Ban saki ƙa'idar rubutu ba, kuma ba zan sake ta ba. Wanda ya haɗe "ba ya" ya rubuta "baya" ya sauya zance. "A kan" daban, "akan" daban. Wanda ya manta da ƙugiyar ƙ ya mai da baƙi baki, ya jefa mai karatu cikin lalube, musamman da yake rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali.

Na nemi sabon kwafe na faro daga shafin farko. Na gyara rabuwar kalmomi, na mayar da ƙugiyoyin da suka ɓace, na bar wa dattijon "munka" ɗinsa a duk inda ya faɗe ta.