Rigimar Gida Kafin a Hau Jirgi

Wakilin da ke magana da sunan Najeriya a taron ƙasashe ba ra'ayinsa yake faɗa ba. Takarda ce a hannunsa, wadda ma'aikatu suka sha ja-in-ja a kanta a Abuja tun kafin ya hau jirgi. Wannan ne abin da ya fi zauna mini a kai cikin karatun hulɗar ƙasa da ƙasa da na yi a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru.

Malaminmu ya taɓa raba mu rukuni-rukuni a kan harajin shinkafar waje. "Kai ne Ma'aikatar Kuɗi, ke kuma Noma," haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Masu Kasuwanci na son a buɗe ƙofa don kayanmu su shiga kasuwannin maƙwabta. Masu Kuɗi suka tuna mana cewa kwastam a ƙarƙashinsu take, duk harajin da aka sauke daga lalitar gwamnati zai fita. Ita ko 'yar Noma, da ma daga gidan manoma ta fito, ta kafe: "Malam, wa zai sayi ta gida?" Masu Harkokin Waje, bayin Allah, jira kawai suke a ba su magana ɗaya da za su kai. Lokaci ya ƙare ba mu rubuta ko layi guda ba.

Abin da ya faru da yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka bai yi nisa da haka ba. A Maris 2018 ƙasashe 44 suka sa hannu a Kigali. Majalisar Zartarwa ta Najeriya ta riga ta amince a sa hannu, amma Shugaba Buhari ya fasa tafiya bayan ƙungiyar ƙwadago da ta masu masana'antu sun ce ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba. Sai a Yulin 2019 Najeriya ta rattaba hannu a Yamai.

A ganina jinkirin bai zama abin kunya ba, domin gara a ji masu ƙorafi tun kafin a sa hannu. Inda na ga baraka shi ne a watan Agusta na shekarar, lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa na tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ke da hulɗa da Maraɗi, wace takarda ce zai gaskata a cikin biyun, ta yarjejeniyar ko ta rufe iyakoki?