Tarihin Rayuwata a Ƙasar Sanyi, Kashi na 9: Lokacin da Rana Take Ƙaura

A makon jiya mun tsaya a Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a Birtaniya. Daga nan ne hunturu yake fara nuna wa sabon ɗalibi halinsa. Yau zan ajiye labarin kaina a gefe, mu duba abin da ke samun yaranmu a wannan lokaci da yadda ake tallafa musu.

A Abadin da ke Sikotlan, ranar 21 ga Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin uku da rabi kuma ta faɗi. Yinin bai cika awa 7 ba. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi, inda yini ba ya gaza awa 11, jikinsa bai san da wannan ba. Azahar, La'asar da Magariba duk suna cunkushewa cikin awa uku da 'yan mintoci, kafin ƙarfe shida an yi Isha.

Ga inda ɓarnar take farawa. Yaro ya yi Isha, ya ga duhu, ya kwanta. Tsakar dare ya farka, ya ɗauki waya har Asuba, sannan ya koma barci sai sha biyun rana. Ɗan hasken da Allah ya ba shi a yinin ya wuce yana cikin bargo. Hasken safiya da ke shiga ido shi ke saita agogon jiki, ya dakatar da sinadarin barci, melatonin. Idan babu shi, sai kasala, yawan barcin da ba ya wartsakarwa, kwaɗayin burodi da zaƙi, da gudun mutane. Ka tambaye shi, ya ce maka, "Lafiya lau, sanyi ne kawai." Tun 1984 likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wannan a matsayin ciwon damuwa mai bin yanayi.

Gyaran farko bai ci ko kwabo ba: a tsayar da lokacin tashi guda, har Asabar da Lahadi, a daina komawa barci bayan Asuba. Gari na wayewa a sa jaket a fita tafiyar minti 30, ko da hadari ya rufe sama. Mutane na raina hasken ranar da ke da gajimare, alhali yakan wuce luks 1,000 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), fitilar ɗakin kwana kuwa 'yan ɗaruruwa ce. Shi kaɗai ba zai fita ba, wannan kam sananne ne. Sai abokin ɗaki ko ɗan ajinsu ya ƙwanƙwasa masa ƙofa su tafi tare.

Sai fitilar magani mai ƙarfin luks 10,000. Ana zama gabanta minti 20 zuwa 30 da safe, ido a buɗe, ba tare da ƙura mata ido ba, a tazarar da kamfanin ya rubuta. Nan ake yawan kuskure. Wani ya sayi fitilar ado mai araha, wani ya ajiye ta can ƙarshen ɗaki, wani ya kunna da dare ta ƙara kore masa barci, wani kuma ya watsar bayan kwana uku, alhali takan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin a ji sauyi. Mai ciwon ido, ko mai lalurar ƙwaƙwalwa da ke juya mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsanancin ƙunci, kada ya fara sai ya ga likita.

Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 a kullum a watannin kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu ma duk shekara. A sha, amma don ƙashi da tsoka ne, kada a ɗora masa nauyin warkar da damuwa.

Iyaye, idan kun kira, "yi haƙuri, ka dage da addu'a" magana ce mai kyau, amma ku ƙara da tambaya: ƙarfe nawa ka tashi yau, ka fita, da wa ka ci abinci? Idan ƙuncin ya wuce mako biyu, ko ya daina shiga aji, to ya je wurin likitan unguwa da ya yi rajista da shi, ko ofishin kula da walwalar ɗalibai. Akwai magani ta hanyar tattaunawa, akwai na ƙwaya. In har ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ba a jiran gobe: lambar Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu ƙuncin rai, 116 123 kyauta ce dare da rana, idan abin ya yi tsanani kuma a kira lambar agajin gaggawa 999.

Mako mai zuwa za mu shiga jarrabawar Janairu, da yadda ɗalibin da ciwo ya kwantar yake neman ƙarin lokaci kafin wa'adi ya wuce.