Wa ya kamata a tambaya kafin a gyara lambunan birni?

Duk lokacin da hukumar birni ta sanar da cewa za ta ji ra'ayin jama'a kafin ta gyara lambuna da filayen shaƙatawa, nakan yi murna, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da yake damuna shi ne su wane ne ake saurara da sunan jama'a. Galibi taro ake kira a wani zaure a ranar aiki, ko a saka takardar tambayoyi a intanet, sai masu lokaci da masu iya magana a gaban hukuma su faɗi abin da suke so. Uwar da take fama da renon ƙananan yara, da tsohon da gwiwa ba ta barinsa ya yi nisa, da leburan da ba ya tashi daga aiki sai rana ta faɗi, babu ko ɗayansu a zauren, alhali kuwa su ne suka fi kowa buƙatar inuwa da iskar da ba a biya, tunda yawancinsu gidajensu ba su da fili.

A ganina, wanda ya fi cancanta a tambaya shi ne wanda ya daina zuwa lambun. Birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya gano haka a shekarun 1990, lokacin da bincike ya nuna cewa 'yan mata suna ƙaurace wa filayen wasa da zarar sun fara tasawa, saboda samari sun mamaye filin ƙwallo, wanda shi ne kusan komai na wurin. Hukumar ta sake tsara wasu lambuna, ciki har da Einsiedlerpark, aka ƙara ƙofofin shiga, aka rarraba babban fili zuwa ƙananan sassa, aka gyara hanyoyi da fitilu, sai 'yan matan suka dawo. Da masu zuwa kullum kaɗai aka tambaya, mai yiwuwa ƙarin filin ƙwallo za su nema.

Irin waɗannan mutane idan an je inda suke, ƙananan abubuwa suke ambata, waɗanda ba su cika fitowa a zanen injiniya ba. Dattijo zai ce bencin siminti da ba shi da majingina ko wurin dafa hannu ba ya zaunuwa, domin in ya zauna tashi yakan gagare shi. Mai keken guragu za ta nuna matakala guda ɗaya a bakin ƙofa wadda ta hana ta shiga shekara da shekaru. Uwa kuwa za ta yi maganar ban ɗakin da kullum yake garƙame da kwaɗo, da lungun da fitilarsa ta mutu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a muradun ci gaba mai ɗorewa da aka amince da su a 2015, ta ambaci mata da yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman a matsayin waɗanda ya wajaba su samu wuraren shaƙatawa masu aminci kafin 2030.

Lokacin da ake yin tambayar shi ma yana da nauyi. Idan an gama zane, an ware kuɗi, an ba da kwangila, sannan aka tara mutane, to sanarwa aka yi musu. Tun a 1969 Sherry Arnstein, wata masaniya Ba'amurkiya, ta kasa shigar jama'a cikin harkar mulki zuwa matakai takwas, kuma ta ajiye jin ra'ayi a tsakiya, cikin matakan da ta ɗauka na cika sharaɗi ne kawai, saboda ana iya sauraron mutum ba tare da maganarsa ta sauya komai ba. Wasu birane sun wuce nan. Porto Alegre a Brazil ta fara bai wa mazauna damar tsara wani ɓangare na kasafin kuɗi a 1989, Paris kuma ta bi sahu a 2014, inda aka keɓe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin manyan ayyuka domin jama'a su zaɓa da ƙuri'a, kuma shuke-shuke a cikin gari suna cikin ayyukan da suka samu karɓuwa. Inda aka ƙi tambaya kuwa, an ga abin da ya faru a Istanbul a 2013, lokacin da shirin rushe lambun Gezi ya haifar da zanga-zangar da ta bazu a faɗin Turkiyya.

Akwai tambayar da nake so a riƙa sakawa a kowane irin wannan taro, wato wa zai kula da wurin bayan bikin buɗewa. Ƙaramar bishiya tana buƙatar ban ruwa a shekarunta na farko, kuma lilon yara yana buƙatar mai duba ƙusoshinsa. Ya kamata hukuma ta faɗa wa mutane gaskiyar abin da za ta iya kashewa kowace shekara, domin su zaɓa da idonsu a buɗe tsakanin maɓuɓɓugar ruwa ta ado da za ta ƙafe in famfonta ya lalace, da albashin mai shara da mai gadi.

Bayan an watse kuma, haƙƙin waɗanda suka ba da lokacinsu ne a dawo musu da bayani a rubuce, cikin harshen da suke ji, a liƙa shi a ƙofar lambun da kasuwa da tashar mota: ga abin da aka ji, ga wanda aka karɓa, ga wanda aka ƙi da dalilin ƙinsa, ga kuma watan da aiki zai fara da ofishin da za a tuntuɓa idan bai fara ba.