Kafin ka ajiye aikinka don sharhin zane-zane

Shekaranjiya ɗan yayata ya shigo min da waya a hannu yana rawar jiki, wai Kawu duba, sharhin da na yi kan wani baje kolin zane-zane na Legas mutum ɗari uku sun danna masa. Na ce madalla, yaushe ka je Legas ɗin? Wai ai bai je ba, a Instagram ya ga hotunan. Kuma ƙarshen wata zai ajiye koyarwar da yake yi ya koma rubutu kan fasaha gaba ɗaya. Wallahi sai na ji kamar madubi aka ɗora min a gaba.

Ni ma haka na yi. A jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ba zane na karanta ba, kawai dai ina yawan leƙa sashen masu zanen ne, har na haddace labarin ƙungiyar da ɗalibai suka kafa a Zariya a 1958, su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko, Yusuf Grillo, ina jefa sunayensu cikin hira kamar abokan babana ne. Da wata jarida ta ba ni rabin shafi duk mako sai kaina ya kumbura, na ajiye alli da albashina, mahaifiyata ta yi magana har ta gaji. Kuɗin rubutun kuwa sai a yi wata uku ba ka gan su ba.

Abin da har yau yake cina shi ne wani yaro da ya yi baje kolinsa na farko a Kaduna. Ba ni da kuɗin mota, ga edita na jiran rubutu ranar Laraba, sai na ɗauki ɗan littafin da suke rabawa a wurin, mai ƙananan hotuna baƙi da fari, na zauna a ɗaki na zuba dogon turanci, na ce aikinsa ba shi da rai, kwaikwayon Turawa ne kawai. Bayan wata biyar na ci karo da ɗaya daga cikin zanen a falon wani mutum. Ashe jar ƙasa da yashi ya cuɗa cikin fentin, ya tayar da dagi ya yi tudu-tudu irin na bangon tsofaffin gidajen birnin Zariya, in ka matso har sai hannunka ya so shafawa. Hoto ina zai nuna maka wannan? Na tsaya gaban abin nan kamar an dasa ni.

To amma fa a yi min adalci, yunwa nake ji lokacin, kuma wasu sun yi abin da ya fi nawa muni, ambulan suke karɓa su yabi shirme. Ni sau biyu kawai na karɓa. Yaron daga baya na ji ya koma rubuta allon shaguna, ina gaya wa kaina ƙila dama zai bari ko ban yi rubutun ba, kasuwar ce babu. Wani daren na yarda da hakan, wani daren ban yarda ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma, amma da na duba ba su kai ba. Kada ka ajiye aikinka, shi ke nan. Mai albashi ne yake iya cewa zane bai yi ba ba tare da tunanin abincin dare ba. Sannan abin da idonka bai gani ba a fili kada alƙalaminka ya taɓa shi, ka je ka tsaya, ka tambayi mai zanen da me ya haɗa, kwana nawa ya ɗauka.

Kuma ku 'yan yanzu kuna ban haushi, Allah. Kun san farashin da aka sayar da Tutu, zanen Ben Enwonwu, a Landan a 2018, sama da fam miliyan ɗaya, amma matar da ke bayan naira ashirin ba ku san ta ba. Ladi Kwali ce, mai ginin tukwane, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu. Kana cikin Kano ba ka taɓa tsugunawa bakin karofin Ƙofar Mata ka shaƙi warin baba ba, amma kai ne mai sharhi.

Ka rubuta da Hausa, don mutanenmu ba su da mai yi musu bayanin waɗannan abubuwa. Ko da yake, gaskiya, ɗan kuɗin da ke harkar a turanci yake, to ka yi turancin ma, ni dai ban sani ba, ka yi duka biyun. Ka kuma tausaya wa mai zanen da ke baje kolinsa na farko, amma kar ka yi masa ƙarya.

Shi ɗan yayar tawa na ba shi kuɗin mota na ce ya je Zariya ya wuni yana kallon bango. Jiya uwarsa ke gaya min data ya saya da su.