Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kibiyar Mutumin Chadi

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda Kawu, yayan mahaifiyata, ya dawo gidanmu na Yakasai da zama bayan rasuwar matarsa, ba shi da kaya sai ƙunshi biyu da wani tsohon baka da kwarinsa, waɗanda ya rataye a zaure ya ce duk wanda ya taɓa su ya kuka da kansa. Masu tambayar me ya kai mai gyaran waya a Farm Centre ga harbin kibiya, to ga mafarin.

Ƙarshen watan Yuli ne na 2024, ana wasannin Olamfik a Paris. Ina gwada wata waya da na canza wa gilashi, sai na faɗa kan gasar harbin baka. Abin da ya tsayar da ni tutar Chadi ce. Wani baƙin mutum ɗan uwanmu, Israel Madaye, yana tsaye kusa da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu. Kafin a fara karawa, kowane maharbi sai ya harba kibiya 72 a jera su bisa makinsu, mutum 64; na ɗaya ya kara da na ƙarshe. Kim ne na ɗaya, Madaye na ƙarshe. An ci shi 6 da 0, har wata kibiyarsa ta je can bakin faifan ta samo maki 1 tak, abin da ba a cika gani ba a irin wannan fage.

Da daddare na kai wa Kawu, ina tsammanin zai yi dariya. Ya karɓi wayar ya nesanta ta da idonsa, ya ce in sake sa masa. Sau uku.

"Iska ce ta ɗauke ta?" na tambaya.

"Ba iska ba ce. Hannunsa ne ya riga zuciyarsa." Ya miƙo mini wayar. "Amma me ye wannan tarkacen da suka maƙala wa bakan? Kamar eriyar talabijin."

Na yi masa bayanin abin da na fahimta. Dogon sandan da ke gaba na rage rawar baka ne bayan an saki tsirkiya. Ƙaramin ƙarfen da ke gefe na saiti ne. Akwai kuma wani siririn ƙarfe da ke yin ƙara ƙas idan an ja kibiya ta kai iyakarta, don kowane ja ya zama daidai da na baya. Kawu ya taɓe baki ya ce su a dajin Falgore ƙarar nan kaɗai ta isa ta kori barewa. Ya ce wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, ya juya ya kwanta.

Kwana biyu bayan haka aka yi zanga-zangar 1 ga Agusta, aka sa dokar hana fita a Kano. Shago a rufe, ba ciniki, sai zaman zaure da ni da shi da 'yar fawabankina. A wannan zaman ne na gane taɓe bakin nan na ƙarya ne, domin kullum shi ke tambaya ko mutanen nan sun fito yau.

Ranar Lahadi 4 ga wata aka yi wasan ƙarshe na maza, Kim da Brady Ellison na Amurka. Tsarin shi ne kowa ya harba kibiya uku a zagaye, wanda makinsa ya fi yawa ya sami 2, in an yi kunnen doki kowa 1, wanda ya fara kai 6 ya ci. Daƙiƙa 20 ake ba mutum ya saki kowace kibiya. A zagaye na biyar kowannensu ya zuba uku a tsakiya, 30 da 30, aka tsaya 5 da 5. Sai raba gardama da kibiya ɗaya-ɗaya, wadda ta fi kusa da cibiya ita ce da zinare. Duka biyun suka shiga 10. Da aka auna, ta Kim ta fi kusa da abin da bai cika milimita 5 ba. Kaurin ƙwayar dawa ke nan, daga nisan mita 70.

Kawu bai ce uffan ba har aka ɗaga tuta. Can sai ya ce, "Mita saba'in ɗin nan, taku nawa ne?"

Na ce zai kusa ɗari.

"Ƙarya suke yi."

To, da aka sassauta doka muka tafi gwada ƙaryar. Na samo kwalin firiji a wurin wani maƙwabcinmu, na zana da'ira mai faɗin santimita 122 kamar tasu, na yi wa tsakiya ɗan zagaye mai santimita 12 da ɗigo 2, bai wuce bakin ƙaramin kofin silba ba. Bayan sallar asuba muka hau Adaidaita zuwa wani fili a bayan gari, na ari tef ɗin magina na auna. Da muka tsaya a layi na waiga, kwalin ya koma kamar faifan rufe tukunya, tsakiyar kuwa ban ma gan ta ba.

A nan ne Kawu ya fara ba ni bakansa, bayan shekara da shekaru ina roƙo tun ina yaro. Kibiyoyin kyauro ne marasa gashi, ya riga ya kankare dafin da ke bakinsu. Na ja, tsirkiya ta zane mini hannu har ya tashi, kibiya ta faɗi ko rabin hanya ba ta kai ba. Shi ya harba biyar. Huɗu suka caki ƙasa, ɗaya ta wuce ta gefen kwalin.

Na ɗauka zai ji kunya, sai na ga yana murmushi. Ya ce mafarauci ba ya harbi daga nan; aikinsa duka a sanɗa yake, ya bi iska, ya rarrafa har ya rage taku ashirin, sa'an nan ya saki guda ɗaya, dafi ya ƙarasa sauran. Su kuwa waɗancan, abin harbinsu ba ya gudu, don haka abin da suke farauta shi ne jikinsu, su tilasta masa ya maimaita abu ɗaya sau 72 ba canji. A ganina ya fi masu sharhin talabijin ɗin fahimtar wasan, ga shi ko kalmar Turanci ɗaya ba ya ji.

A hanyar dawowa na ba shi labarin cewa matan Koriya sun ci zinaren ƙungiya sau 10 a jere, tun daga 1988 da aka fara shi a Seoul, kuma a Paris ƙasar ta kwashe duka zinare biyar na harbin baka. Bai kula ba. Hankalinsa na kan Madaye. Mutumin Chadi, in ji shi, da kai da shi rana ɗaya ke dukanku, in ya iya tsayawa a wannan layi ya sami faifan ma, to me ya hana jikan mafarauta? Har ya ƙara da cewa duk hawan Sallah sai an ga 'yan baka sun fito da kwari a kafaɗa, amma ba wanda ya taɓa tambayar su ko za su iya samun ƙofar gida daga tsallaken titi.

Da muka iso zaure bai mayar da bakan kan ƙusarsa ba. Ya ajiye shi a kan tabarmata ya ce, "Duba mini a wayar nan taka, irin na su mai eriyar nawa ake sayarwa."

Kuɗin da na gani, da yadda Inna ta yi da ta ji ina shirin taɓa jarin shago, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.