Laraba, ranar bita kan majinyacin da jikinsa ya tsananta

Yau aka yi mana bitar kula da majinyatan da jikinsu ya tsananta, tun safe har bayan La'asar. Nas-nas, ungozoma da likitoci duk zaure ɗaya aka haɗa. Da yawa satifiket ne ya kawo su, kuma ban ga laifinsu ba. Majalisar nas-nas da ungozoma ta Najeriya ba ta sabunta lasisi sai da shaidar ƙarin karatu, su kuwa likitoci maki 20 na ƙarin karatu tasu majalisar ke nema kowace shekara. Matsalar ita ce makin da aka samu a zaune ana kallon majigi bai taɓa sa hannu ya iya komai ba. Bitar yau ta bambanta, domin rabinta a tsaye aka yi, da kaya a hannu.

Likitar da ta jagoranta, wadda ke sa barci a ɗakin tiyata, ba ta ko ambaci injin numfashi ba. Ta ce yawancin masu tsananin ciwo a ɗakin kwanciya na gama-gari suke, ba a ɗakin kulawa ta musamman ba, don haka da alamomin haɗari guda biyar ga baligi ta fara: numfashi ƙasa da 8 ko sama da 30 a minti, oksijin na jini ƙasa da kashi 90, bugun zuciya ƙasa da 40 ko sama da 130, awon jini na sama ƙasa da 90, sai gushewar hankali. Guda ɗaya ta isa a fara aiki a kuma kira likita. A cikinsu ƙirga numfashi ne aka fi wulaƙantawa. Kowa ya san katin da za ka tarar an jera masa 20, 20, 20 daga safe har dare, alhali ba wanda ya riƙe agogo. Minti guda cur ake ƙirgawa, ba tare da majinyacin ya sani ba. A yara, 50 zuwa sama saurin numfashi ne daga wata 2 zuwa 11, 40 kuma daga shekara 1 zuwa 5.

A kan oksijin aka fi daɗewa, kuma nan ne ainihin ribar ranar. Robar hanci lita 1 zuwa 5 take ɗauka a minti ga baligi. Takunkumin fuska lita 5 zuwa 10, idan aka rage ƙasa da 5 majinyaci iskar da ya fitar yake sake shaƙa. Takunkumi mai jaka lita 10 zuwa 15 yake so, kuma sai an toshe bakinsa da yatsa jakar ta cika kafin a ɗora shi a fuska. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa mai jakar nan da na'urar tace oksijin mai lita 5: jakar ta lotse, ma'aikaci yana ganin ya ba da mafi ƙarfi, majinyaci kuwa yana shaƙewa.

Sai lissafin tukunyar oksijin, wanda mutane da dama suka ce yau suka fara jinsa. A ninka girman tukunyar da abin da agogonta ya nuna. Tukunya mai lita 10 da agogonta ke nuna matsin iska 150 a ma'aunin "bar" tana ɗauke da lita 1,500. A lita 10 a minti, awa biyu da rabi ke nan, ba kwana ba. Wanda zai raka majinyaci a motar asibiti tafiyar awa uku, tukunya biyu zai ɗauka tun daga gida. An kuma ja kunne kan maiko: ba a shafa mai a bakin tukunya, ba a shafa basilin a hancin mai shan oksijin, saboda gobara.

Injiniyan kayan asibiti ya buɗe mana na'urar tacewa. Soson bayanta sau ɗaya a mako ake wankewa, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar, amma a wannan hunturu da ƙura ya fi kyau a riƙa dubawa kullum. A nisanta ta da bango aƙalla santimita 30. Kwalbar ruwan da ake ɗaura mata ita ce ta fi yoyon iska idan murfin ya karkace. Gwajin mai sauƙi ne: a tsoma bakin robar hanci a kofin ruwa, in ba kumfa, ba abin da ke isa ga majinyaci ko da ƙwallon ma'auni yana sama.

Na'urar yatsa mai auna oksijin na jini ma tana ƙarya. Sanyin hannu, karkarwa, jan farce da baƙin lalle duk suna ɓata karatu, sai a sauya yatsa ko a koma ƙafa. Wani bincike na Jami'ar Michigan a Amurka a 2020 ya gano tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata, ke nan 92 a wurinmu ba abin sakin jiki ba ne. Kuma yaron da maleriya ta shanye wa jini zai iya nuna 98 yana haki. Shi jini yake buƙata: a auna PCV, wato kason jajayen ƙwayoyin jini, in ya sauka 12 ko ƙasa a ƙara masa mililita 20 kan kowane kilo cikin awa 3 zuwa 4.

Bayan Azahar aka shiga batun ƙarin ruwa, nan aka ɗan yi musu. Wani dattijon nas ya ce, "Likita, mu dai tun muna makaranta abin da aka koya mana shi ne yaro mai zazzaɓi da sanyin hannu a sakar masa ruwa." Ta ce, "Gaskiya ne, Baba, haka littafin ya ce a lokacin," sannan ta kawo binciken FEAST na 2011 a Uganda, Kenya da Tanzaniya, kan yara fiye da 3,000. Cikin awa 48, kusan kashi 10.5 na waɗanda aka zuba wa ruwa da sauri sun rasu, waɗanda ba a zuba wa ba kuwa kashi 7.3. Shi ya sa yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai alamomi uku sun haɗu: sanyin hannu da ƙafa, jinin farce ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ba bayan an danna, da bugun jijiya mai rauni da sauri. Sannan a ba da mililita 10 zuwa 20 kan kilo cikin minti 30 zuwa 60, ana sauraron ƙirji. Mai tamowa 10 zuwa 15 cikin awa guda. Wannan bai shafi mai gudawa da ruwan jikinsa ya ƙare ba, shi ruwa ne maganinsa. Irin wannan sauyi ne ke sa na ga wajibcin bita, don wanda ya gama makaranta kafin 2011 ba shi da wata hanyar sani.

Duk wanda hankalinsa ya gushe a auna masa suga. Yaro mililita 5 kan kilo na ruwan suga mai kashi 10 ake ba shi. In mai kashi 50 kaɗai ke akwai, a haɗa kashi ɗaya da kashi huɗu na ruwan allura.

Danna ƙirji a kan mutum-mutumin roba ne ya zo ƙarshe: 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, numfashi 2 bayan kowane danni 30, a canza mai dannawa duk minti 2. Nan aka ga yadda hannu ke mantuwa, har a wurin waɗanda suka yi kwas ɗin bara. Kusan kowa bai kai zurfin ba, kuma riƙe takunkumin ambu, wato jakar da ake matsawa don hura wa majinyaci iska, da hannu ɗaya ya gagari da yawa, sai da aka koma mutum biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya matsa.

Kafin a tashi Metron ta yanke cewa kowane ɗaki zai riƙa gwaji na minti 15 duk mako, a ɗaure makullin tukunya a jikinta da igiya, a kuma rubuta abin da agogonta ya nuna a littafin miƙa aiki a kowane canji. Ɗakin yara ne zai fara, ranar Litinin.