Baba Yana Gani Biyu-Biyu, Aka Sayar Mana da Tabarau

Ana tsakiyar girbin gero a ƙauyenmu, ƙasar Ringim, Baba ya fara ganin abu ɗaya ya zama biyu, musamman in ya hangi nesa ko ya dubi hannun dama. Idon daman ma ya ɗan karkato wajen hanci, kamar mai harara-garke. Wani mai tabarau a kasuwa ya ce tsufa ne kawai, ya ɗora masa gilashi, ya karɓe kuɗin ɗan akuya sukutum. Har yau abin yana ci mini rai.

Da muka je Asibitin Malam Aminu Kano, likita ba ta ma kalli tabaran ba. Ta ce, "Baba, rufe ido ɗaya." Ya rufe, biyun suka koma ɗaya. Ta ɗaga yatsa ta ce ya bi shi da kallo, kada ya juya kai. Idon hagu ya bi yatsan ko'ina, na dama ya zo tsakiya ya cije. Gwajin da ko sisi ba ya ci, shi ne mai tabaran bai yi ba!

Ashe ƙwayar idon lafiyarta ƙalau. Tsoka shida ke juya kowane ido, jijiyoyi uku kuma ke kai musu umarni daga gindin ƙwaƙwalwa, can inda take haɗuwa da lakar baya: likitoci na kiran jijiyoyin da lamba, ta 3, ta 4 da ta 6. Ta 6 ɗin ce ke juya ido gefe wajen kunne, ita ce hawan jini da sugan da ba mu san Baba yana da su ba suka taɓa. Gilashin karatu ina ruwansa da jijiya?

Sai da ta sa shi ya yi tafiya a gabanta, ta kuma duba ko idon yana rawa, domin cikin kunne da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya su ke tsayar da kallo cak ko da kai yana motsi. Ta ce da akwai jiri da tangaɗi, ko harshe ya karye, to ana tsoron shanyewar ɓarin jiki ke nan, ba a kwana da shi a gida.

Irin na Baba yakan warware cikin kamar wata 3 in an kula da jinin da sugan, kuma alhamdulillahi haka aka yi. Amma makonnin da ya yi da tabaran nan a fuska, jininsa yana sama ba mai aunawa, su ne na kasa yafewa.